Fuskar Illa

Lawali mai zane bai yi nisa a karatun lakwal ba, amma tun yana yaro ba ya rabuwa da kaye da kiriyon, wato littafin rubutu da fensir. Abincinsa a rubuta allunan shaguna yake, da ƙawata bayan motocin tasha. Abin da ransa ke so kuwa, ya tsuguna ranar kasuwa yana zana mutanen Matamaye. Abokai sun sha tsokanarsa, don ba ya taɓa farawa da mutum. Sai ya gama bango da tabarma da inuwa, sannan fuska ta zo masa. Yakan ce tsofaffin maginan da suka yi wa zauruka ado su ne malamansa.

To, bangayen nan ƙarewa suke yi. Duk shekara, in ƴan cin rani suka dawo, sai a rushe zauren ƙasa a jera shagunan bulo.

Ana haka Saratu ta aika a kira shi. Mijinta Illa abokinsa ne na ƙuruciya, ya rasu a Ikko shekara shida da suka wuce, can aka rufe shi. Wayar da ke ɗauke da hotonsa ta lalace tuntuni. Ga ƴarsu Sakina, wadda aka haifa bayan tafiyarsa, ta matsa da tambayar kamannin babanta. Saratu ta roƙi Lawali ya zana mata shi. Ya amsa da ƙarfin gwiwa, wai ko ido rufe zai zana Illa.

Sai da ya buɗe kaye, fuskar ta ƙi zo masa. Ya tafi zauren da Illa ke zama yana gyaran rediyo, ya tarar da shagon cajin waya, ƙofar ƙarfe tana sheƙi. Ya daɗe tsaye a rana har mai shago ya tambaye shi ko lafiya.

Kwana tara yana yi yana gogewa. In hanci ya zauna, ido ya ƙi. Tsoro yake ji sosai, don ya san duk fuskar da ya miƙa, ita yarinyar za ta riƙe a matsayin ubanta har ta tsufa. Abu ɗaya ke kwantar masa da hankali: Saratu na nan, in ya kauce za ta gyara masa.

Ranar Juma'a da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidan. Saratu ta fito ta karɓi takardar da hannu biyu, Sakina na ɗage tana jan zanen da uwar ta ɗaura. Saratu ta duba, ta matso da ita kusa, ta nisanta. Lawali yana jiran ta ce goshi ya yi faɗi, ko gemu ya yi yawa.

Ta ɗago kai, ta rage murya don kada yarinyar ta ji.

"Malam Lawali, shi ne, ko? Kai ka fi ni daɗewa da shi."