Mariƙin wuƙar mai kifi

Bayan na gama bautar ƙasa na daɗe ban sami aiki ba, sai na shiga wani ƙaramin shago a unguwar Bulumkutu inda ake zuba wa ƙarfe mariƙin roba. Wuƙaƙe muke yi da ludaya da sukudireba. Za a ɗumama ƙarfen, a kwantar da wutsiyarsa cikin mazubi, a rufe, a danna narkakkiyar roba da inji ta zagaye shi. In ta huce, shi ke nan, ba a raba su sai an fasa. Maigidana dattijo ne daga kudancin Borno. Yana kirana Injiniya, ina jin rabi don girmamawa ne, rabi don tsokana, saboda nakan duba mazubi sau da yawa kafin in yarda in danna.

Wata safiya wata mata mai sayar da kifi ta zo daga unguwar Ajilari da wuƙa naɗe cikin tsumma. Mariƙin itacen ya ruɓe, ya rabu biyu.

"Wushe, sannu ɗana. A sa mini irin naku, wanda ruwa ba ya ci."

Da na cire itacen na ga wata alama a wutsiyar ƙarfen, kamar sawun kaza. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce mijinta maƙeri ne, haka yake buga wa duk abin da ya ƙera. Lokacin rikici ita ta baro ƙauyensu da yara, shi bai fito ba. Ba ta taɓa sanin akwai alamar a ƙarƙashin itacen ba.

Na ce, "Inna, in na zuba roba, ba na jin za ki sake ganinta. Wataƙila gara a kai wa masassaƙi."

"Itace ya sake ruɓewa? Kullum hannuna cikin ruwa yake. Da ita nake ciyar da yara."

Robarmu baƙa ce, daga fasassun kujeru da bokitai. Amma akwai ragowar wata mai haske da ake gani ta cikinta. Na roƙi maigida mu gwada.

"Injiniya, yau kuma tagar gilashi za ka yi wa wuƙa?" Sai ya dubi matar, ya rage murya. "Cikin injin nan ba ya wankuwa duka. Baƙin yana maƙalewa. Gaya mata gaskiya."

Na gaya mata. Na ce mai yiwuwa ya fito, mai yiwuwa kuma kada ya fito, ba zan iya alkawari ba. Ta ce in yi da bismillah.

Mun yi ta tura roba mai hasken muna zubarwa har ta fara fitowa tsaf, ko dai haka idona ya gani. Na gwada a kan wani guntun ƙarfe, ya yi kyau. Na ɗumama wuƙarta, na kwantar, na rufe. Sai na danna.

Da muka buɗe, mariƙin ya kama sosai, babu motsi. Amma wani baƙi ya biyo robar kamar hayaƙi, ya kwanta a kan rabin wutsiyar. Na ɗaga shi ga rana, na juya ta kowane gefe. Ban ga komai ba. Har yanzu ban san ko ƙarin turawa zai hana ba. Maigida ya ce ba zai hana ba.

Na ce zan iya fasawa in sake, ko da yake guduma na iya lanƙwasa tsohon ƙarfen, ko ta karya shi.

Ta karɓa, ta damƙa, ta gwada kaifin a farcenta.

"Kada ka taɓa mini ita kuma, ɗana. Ta zauna a hannu."

Ta naɗe ta cikin tsumman, ta tsayar da keke napep, domin masu sayen kifi suna jiranta.