Kujerar Baba a Jirgin Tamale

Ɗan kawuna ya zauna a kujerar da na saya wa mahaifina a jirgin Tamale, ya bar tsoho a baya. Laifin ke nan, kuma har yau ban yafe ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Nima, ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Aka aiko cewa yayar Baba ta rasu a Tamale. Gwiwar Baba ba ta lanƙwasuwa, hanyar mota kuwa a shekarun nan ko mai lafiya sai ya yi jinya. Na ce jirgin sama za mu hau. Aka ce mini akwai kujerun gaba masu faɗi, sai dai tsada kamar me. Na sayar da wani inji da na daɗe ina ajiya, na ce a yanko wa Baba ta gaba, ni da ɗan kawu mu zauna a baya. Shi ɗan kawun na aika ofishin jirgin, don akawu ne. Ni aji huɗu na tsaya, takardun jirgi duk iri ɗaya ne a idona.

Muna shiga, ma'aikaciyar jirgi ta duba takardu, ta nuna wa ɗan kawu gaba, ta nuna mana baya ni da Baba, ta ja labule. Ashe sunansa ya sa aka rubuta. Na yunƙura zan tashi, Baba ya riƙe mini riga.

"Zauna. Ba a tona asirin gida a gaban baƙi."

"Baba, ƙafarka fa?"

"Ƙafata ce ko taka?"

Wata 'yar kasuwa daga unguwar Maamobi ta lura, ta bar wa Baba kujerarta ta bakin hanya, ya samu ya miƙe ƙafar. Sannan ta kwance ƙunshin ganye: wake da shinkafa, da yaji, har da ƙwai.

"Alhaji, bismilla, kafin waɗannan su kawo mana biskit ɗinsu."

Baba bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara mata ba. Ya ci, ya leƙa taga ta kan kafaɗarmu, ya ga ruwan Volta a shimfiɗe, ya yi ta salati yana dariya.

"Ashe haka shaho ke ganinmu!"

Na daɗe ban ga nishaɗinsa haka ba, ga shi ta'aziyya za mu. Ni ma na ci na ƙoshi.

Da labulen ya ɗan buɗe na hango mutumin nawa: shayi a kofin tangaran, ɗan tawul na goge hannu, kujera kamar ta shagon aski. Shi ke nan fa. Tare muka tashi, tare muka sauka. Ga mai lafiya, wallahi asara ce. Ga mai ciwon gwiwa kuwa ta ci kuɗinta, shi ya sa na saya.

A filin jirgin Tamale ɗan kawu ya tarye mu da murmushi.

"Yaya, kuskure aka yi a ofis, ka san mutanen nan..."

Na bari 'yan uwan da suka zo ɗaukarmu suka yi gaba da Baba. Sannan na matsa kusa da shi.

"Kuskuren ofis ne ya ɗaure ka a kujera har muka sauka? Tsoho ya wuce ta gabanka yana jan ƙafa, ka cusa kai cikin jarida. Miƙo takardar komawa, gobe a sauya suna. A gidan makoki ba wanda zai ji daga bakina, albarkacin Kawu. Amma daga yau, in ka tarar ina cin tuwo a Nima, kada ka wanke hannu."