Ƙaramar Bindigar Pak Rosli

Duk wanda ya san Muttaka Kalilu a Kuala Lumpur, da allura ya san shi. Shekararsa ta huɗu ke nan yana digirin digirgir a fannin likitancin dabbobi, kuma aikin nasa bai wuce zuwa wata gonar kiwon barewa a bayan gari ba, ya ɗebi jini a 'yan kwalabe ya dawo ya yi ta leƙe a ɗakin bincike. Yana zaune a Bukit Jalil, hawa na goma sha bakwai, shi da matarsa Mubina da 'yarsu Khaulah, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci ta liƙa "lah" a ƙarshe. Ranar Juma'a yakan hau jirgin cikin gari zuwa Masjid Jamek, in an idar a gangara Jalan Masjid India cin shinkafa tare da 'yan'uwa ɗalibai. A wurin cin shinkafar nan kowa yana da uban da zai yi tinƙaho da shi. Wannan ubansa tsohon hedimasta ne, wancan alƙali, wani kuma yana da shaguna a Kwari. In aka zo kan Muttaka sai ya ce, "Manomi ne, Allah ya jiƙansa," ya mayar da kai kan farantinsa.

Ba ƙarya ya yi ba, guntule gaskiyar ya yi. Malam Kalilu yana noma da damina kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi, daga ƙauyensu na bakin dajin Falgore har Tudun Wada, shi ne harbi. Muttaka ya girma ne yana riƙe masa gorar albarushi. Da ya shigo cikin masu kare namun daji, ya ji yadda suke ambaton maharba suna yamutsa fuska, sai ya naɗe uban nasa ya ajiye can ƙasan zuciya. Mubina ce kawai take tsokanarsa. "Abban Khaulah, wai mene ne problem ɗin? Farauta ai ba sata ba ce." Sai ya yi murmushi ya sauya magana.

Abu biyu tsohon ya dasa masa, kuma duka biyun sun kama. Na farko ɗuri. Bindigar toka ce da shi, kuma bai taɓa ɗura ta ba sai ya san abin da ya fito nema. Gada ƙananan dalma ake zuba mata, domin curi babba zai dagargaza naman. Gwanki kuwa curi ɗaya mai nauyi, da ƙarin albarushi, a bayan kafaɗa. Yakan ce wanda ya harbi babbar dabba da ƙaramin ɗuri ba maharbi ba ne, azzalumi ne, kuma zai amsa tambaya a gaban Allah. Na biyu ladabi: yaro ba ya gyara wa babba ɗuri. Muttaka yana ɗan shekara goma sha biyar ya taɓa ce wa wani baƙon maharbi, "Baba, dalmar nan ta yi kaɗan." Gaskiya ya faɗa, amma a nan take uban ya karɓe gorar ya kora shi gida, kuma sai da ya shekara bai sake fita da shi ba. Wannan horo ya shige shi har ɓargo.

Wata safiyar Laraba ce abubuwan nan biyu suka yi karo. Mai gonar barewar, Pak Rosli, dattijo ne Bamalaye mai fara'a, wanda ba ya barin Muttaka ya taɓa aiki sai ya fara cewa, "Makan tukuna," wato a ci abinci tukuna, ya tura masa shayi da gurasa. A cikin garkensa akwai wani ƙaton namiji, irin manyan nan da suke kira rusa, girmansa ya kai na ɗan bijimi, wuyansa ya fi turmi kauri. Ya saƙale ƙafar baya a waya ta karye, ciwon ya ruɓe, likitan gonar ya ce babu magani sai a hutar da shi. Ba a so a yi masa allurar barci, domin za a raba naman a ci. Dole a harbe shi a yi maza a yanka.

Pak Rosli yana da lasisin bindiga biyu, ya fito da su ya shimfiɗa a bayan motarsa. Ɗaya ƙarama ce, mai harsashi lamba ashirin da biyu, ɗan siriri kamar kan fensir. Da ita yake harbin barewar da ta saba da mutane, daga taku goma, a tsakiyar goshi. Ɗayar babba ce, lamba ɗari uku da takwas, wadda yake kashe aladun daji da ita in sun shigo ɓarna. Dattijon ya dubi babbar ya girgiza kai. Ya ce bindigar da ta saba da alade ba za ta taɓa naman da Musulmi zai ci ba, zuciyarsa ba ta yarda ba. Ya ɗauki ƙaramar.

Muttaka ya hango dabbar can gindin wata bishiya. Ciwo ya sa ta tsorata, ba ta barin kowa ya matso, kuma da ido ya auna tazarar: taku sittin, ko fiye. Ga iska tana kaɗowa daga hagu. Ya sani, sani irin na wanda aka haifa a cikin abin, cewa wannan ɗan harsashi ba zai kayar da wannan wuya daga nan ba. In kuma an nemi kai aka kuskure da faɗin yatsa uku, muƙamuƙi za a samu. Ya kuma san cewa harsashi sabo ne yake fita, babu abin da ya haɗa shi da alade. Maganar ta zo masa har baki. Amma ga furfurar Pak Rosli, ga shi baƙo a ƙasar mutane, inda ko taɓa bindiga doka ba ta ba shi dama ba. Kuma in ya yi magana, tambayar da za ta biyo baya ita ce, a ina ɗalibin allura ya san harsashi?

Pak Rosli ya waiwayo yana murmushi. "Boleh, Dakta?" Wato, za ta yi?

"Boleh, Pak Cik," in ji Muttaka, wato za ta yi, Baba.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar kara ba. Dabbar ta yi tsalle, ta girgiza kai da ƙarfi, ba ta faɗi ba. Da ƙafa uku ta ruga, ta bangaje shingen inda waya ta yi laushi, ta faɗa cikin gonar kwakwar manja da ke maƙwabtaka, wadda ba a ganin ƙarshenta. Ma'aikatan gonar biyu suka bi ta da gudu, ba a jima ba suka dawo suna haki, suka ce ta ɓace. Pak Rosli ya tsaya riƙe da bindigar, fuskarsa ta zube.

Muttaka ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya ce, "Pak Cik, ɗauko babbar ka biyo ni. Kowa ya tsaya a bayana, kada a taka mini sawu."

Ba wanda ya taɓa jin ya ba da umarni, don haka ba wanda ya yi musu. Ya shiga cikin kwakwar a sunkuye. Jinin kaɗan ne, ɗigo nan, ɗigo can, gauraye da yawu, abin da ya tabbatar masa da inda harsashin ya samu. Inda jini ya ɗauke sai ya koma kan ƙasa: kofato uku sun nutse, ga kuma jan ƙafar da ta karye. Inda ƙasa ta yi tauri sai ya duba ganyen da aka kifar da cikinsa sama. Sau biyu sawun ya ɓace masa, ya dawo ɗigon ƙarshe ya kewaya har ya kama. Rana ta take, zafin nan mai ɗanshi ya jiƙe masa riga sharkaf, sauro da matsattsaku suka samu abinci. Aka miƙo masa ruwa ya ƙi karɓa. Bai yi niyyar ƙi ba, hannunsa ne kawai ya kasa miƙuwa, domin a gidansu wanda ya raunata dabba ba ya sha sai ya same ta. Shi kuwa a ransa ya san ba Pak Rosli kaɗai ya yi harbin nan ba.

Azahar ta gota suka same ta a wani ɗan rafi. Tana durƙushe a cikin ruwan, muƙamuƙin ƙasa ya karye yana lilo. Takan tsoma baki a ruwan, ta ɗago, ruwan ya zube ta gefe, ta sake tsomawa. Ƙishirwa ce ta kawo ta, ga ruwa har ƙirjinta, kuma ba ta iya haɗiyar ko ɗigo. Muttaka ya ga mutuwar dabbobi ba adadi tun yana yaro, amma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokaci ba.

Ya nuna wa dattijon wurin da yatsa, bayan kafaɗa. Babbar bindiga ta yi magana sau ɗaya, dabbar ta kife. Pak Rosli ya miƙa wa Muttaka wuƙar. Muttaka ya shiga ruwan, ya kama ƙahon, ya juya wuyan gabas ɗin da ya saba, sannan ya tuna a nan alƙibla yamma take, ya gyara. Ya yi bisimilla ya yanka.

Suka zauna a kan wani kututture, ma'aikatan suna can suna neman igiya. Can Pak Rosli ya ce, "Wannan bin sawu ba a jami'a ake koyar da shi ba."

"Mahaifina maharbi ne, Pak Cik. A hannunsa na tashi."

Dattijon ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon ruwan. "To tun da safe ka san ƙaramar ba za ta yi ba."

"Na sani."

"Na kuma tambaye ka."

"A wurinmu yaro ba ya gyara wa babba ɗuri," in ji Muttaka. Yana faɗa ya ji yadda maganar ta yi ƙanƙanta a bakin wannan rafi.

Pak Rosli bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. A hankali ya ce, "Da ka kunyata ni da safe, ɗana, da kafin azahar na manta. Dabbar nan kuwa awa biyar ta yi a haka."

Muttaka ya sunkuyar da kai. Abin da yake so a lokacin bai wuce ya ga Malam Kalilu zaune a kan buzunsa ba, ya durƙusa ya tambaye shi wanne ne gaba cikin abu biyun da ya koya masa, girman babba ko haƙƙin dabba. Shekara goma suna shiga daji tare bai taɓa tambaya ba, domin bai taɓa zaton za su rabu hanya ba. Tsohon ya rasu shekara biyu da suka wuce, Muttaka yana nan Kuala Lumpur, ta waya aka gaya masa.

Pak Rosli ya sake miƙo masa gorar ruwan. Ya karɓa ya riƙe, ya daɗe bai buɗe ba.