Hannun Alhaji Sale

Sau biyar aka rubuta sunana a kan laifin da ba ni na yi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na manta ba. Juma'ar da aka rubuta na biyar ɗin tana nan a kaina kamar jiya, ita ce kuma nake so in ba ku labarinta, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu.

Ni ba da ƙuruciya na shigo harkar kwamfuta ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da tsofaffi a wani gida a garin Lanham, nan ƙasar Turawa, in ɗaga wannan in kwantar da wancan, har bayana ya fara ba ni labari. Ina da shekara arba'in da biyu na koma aji tare da sa'o'in 'yata. Da na gama, Alhaji Sale ne ya kai takarduna kamfaninsu. Bazazzagi ne, tsohon injiniya, ya girme ni da kusan shekara ashirin, matarsa Hajiya Kulu kuma aminiyar yayata ce. Baba nake ce masa. Aka ɗauke ni gwaji na wata shida.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Kamfanin yana tattara bayanan ganin likita daga wasu ƙananan asibitoci. Bayanan suna zaune a wani tsohon rumbu, wato babbar kwamfutar ajiya da ke ofishinmu. Kowane rabin awa, daga tara na safe zuwa biyar na yamma, wani shiri da muke kira bututu yakan ƙwanƙwasa ƙofar rumbun, ya kwashi sababbin bayanai, ya kai su gajimare, wato kwamfutocin haya da ke can wani wuri. Daga nan ake fitar da jerin marasa lafiyar da za a kira a tuna musu ranar likitansu. Jerin ranar Litinin dole ya isa asibitoci kafin ƙarfe biyu na ranar Juma'a. In ya makara ba a kiran kowa, kuma na san irin mutanen da ke cikin jerin nan. Na yi musu wanka shekara goma sha ɗaya. In ba a tuna musu ba, ba za su je ba.

Baba ne ya gina bututun lokacin da aka koma gajimare, sannan aka ba shi wani aikin aka miƙa mini wannan. Ranar miƙawa na tambaye shi ko akwai abin da ya kamata in sani. Ya ce, "Komai lafiya lau, Rabi, ki dai sa ido." Na ce to. Ban ƙara tambaya ba.

Juma'ar farko, ƙarfe ɗaya da minti goma, bututu ya tsaya. Saƙon da na'ura ta bayar gajere ne: an ƙwanƙwasa, an jira, ba a amsa ba. Na bi matakan da aka koya mana ɗaya bayan ɗaya. Kalmar sirri ba ta mutu ba. Takardar shaidar tsaro tana da sauran watanni. Katangar tsaro ba wanda ya taɓa ta. Rumbun kansa yana raye, bai cika da masu jira ba. Na kira Baba, wanda daga gida yake aiki saboda ciwon gwiwa, bai ɗauka ba. Wajen uku saura ashirin ya kira ni, ya ce bari ya duba. Ya danna a sake, sai ga bayanai suna gudu kamar ba abin da ya faru.

Haka aka yi Juma'a ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. In yi gumi awa ɗaya da rabi, Baba ya zo ya danna abin da na danna sau ashirin, bututu ya tashi. A ofis har suna masa kirari, wai hannunsa na da sihiri. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "Tsufa ne kawai, na'ura ma tana jin kunyar furfura." Shugabarmu Denise ba muguwa ba ce, amma lissafinta a fili yake: bututu na Rabi ne, a hannun Rabi yake mutuwa, a hannun Alhaji yake tashi. Kowane mako sai ta rubuta rahoto, sunana a sama.

Safiyar Juma'a ta biyar, makon da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasar nan in sanyi ya shigo, saƙo ya shigo zauren matan unguwa a wayata: masallacin su Hajiya Kulu ya matso da huɗuba da rabin awa saboda rana ta gajarta, a gaya wa maza. Na karanta na wuce.

Ƙarfe ɗaya saura ashirin bututu ya tsaya.

Denise ta zo ta tsaya a kaina, ta ce a hankali, "Rabi, ranar Litinin da safe za mu zauna a kan gwajinki." Kowa ya san ma'anar wannan zaman. Na ce na ji. Amma ba ita nake kallo ba, agogo nake kallo. Mako huɗu yana mutuwa ɗaya da minti goma, yau ya mutu rabin awa kafin haka. Wane abu ne a duk faɗin kamfanin nan ya matso da rabin awa a yau? Babu. Abu ɗaya na sani da ya matso, kuma ba a kamfanin yake ba.

Na buɗe wata ƙaramar kwamfuta da ke tsakanin gajimare da rumbu, wadda bututun ke bi ta cikinta. Mako biyar ina duba ta in ga tana kunne in wuce, domin Baba ne ya kafa ta. Ranar nan na nemi ta gaya mini wa ke riƙe da ƙofar da muke bi. Ta nuna mini suna ɗaya, yana shiga kullum bayan asuba, yana fita bayan isha'i. Ranar Juma'a kaɗai yake fita da tsakar rana ya dawo. Bututun kamfani guda ashe ta cikin laftof ɗin Baba yake ratsawa.

Na so in miƙe in faɗa a gaban kowa, wallahi na so. Bakina har ya buɗe. Amma mutumin da ya ɗauki takarduna da hannunsa ba ta wayar taron ofis zai ji wannan ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na tuƙa zuwa gidan Baba a Upper Marlboro. Hajiya Kulu ta kawo mini fura, muka gaisa, na tambayi gwiwa, aka tambayi yara. Sannan na ce, "Baba, ina laftof ɗinka yake zama lokacin sallar Juma'a?"

"A mota mana. Rufe shi nake yi in tafi da shi, saboda ke. In an idar sai in buɗe a wajen ajiye motoci, in haɗa da wayata, in ga ko kin neme ni."

"Da ka buɗe kuma sai bututu ya tashi."

"Alhamdu lillahi, ai kin gani."

"Baba, da ka rufe yake mutuwa."

Ya ajiye kofinsa. Na ga abin yana hawa fuskarsa a hankali, daga gemu zuwa goshi. Ya ce, "Inna lillahi. Ɓarauniyar hanyar nan." Sai ya ba ni labari. Lokacin ƙaura zuwa gajimare, masu tsaron kwamfutocin kamfani sun ce izinin buɗe hanya ta gaskiya zai ɗauki makonni, shi kuma yana so ya gwada aikinsa, sai ya ratsa ta laftof ɗinsa, wai na kwana biyu. Izini ya zo yana tsakiyar sabon aiki. Ya manta bai sauya ba.

Hajiya Kulu ta tafa hannu. "Oh ni Kulu! Mako biyar kana dawowa kana mini alfahari wai ka ceci yarinyar nan. Ashe kai kake shaƙe ta, ka je ka yi salla, ka dawo ka sake ta!"

"Hajiya, don Allah."

"Ba don Allah ba, mai sihiri."

Dariya ta so ta kama ni, na hana ta, domin ban gama ba. Na ce, "Baba, gobe za a zauna a kaina. Ba zan ɗauki wannan ba. Da kunya ce kawai da na ɗaukar maka, amma aikina ne, kuma da bayana na biya kuɗin karatun nan."

Ya dube ni. Shekararsa ta ritaya saura kaɗan, kuma ratsa bayanan marasa lafiya ta laftof ba ƙaramin abu ba ne a wajen masu tsaro, ya fi ni sani. Ya ce, "Wa ya ce ki ɗauka? Ni zan faɗa da bakina. Amma ke ma ina da magana da ke. Mako biyar kina binciken kowa da komai, me ya hana ki binciki nawa?"

Na ce, "Kunya."

"To kunyar nan ta kusa cinye mu duka biyu, har da tsofaffin mutane. A falo ni babanki ne. A gaban na'ura, in na ce miki komai lafiya, ki ce in nuna miki."

Wannan shi ne abin da na koya, kuma shi nake gaya wa duk wanda aka ba ni in horar. Yawancin lokaci in rumbu ya ƙi amsawa, rumbun lafiyarsa lau, wani abu ne a hanya da mutumin kirki ya ɗaura da niyyar kwana biyu. Ku bi hanyar taki-taki har ƙarshenta, ku rubuta lokacin da ta mutu da lokacin da ta tashi, ku tambayi kanku me ke faruwa a rayuwar mutane a daidai wannan lokacin. Wurin da kuke jin nauyin dubawa kuma, da shi za ku fara.

Washegari ƙarfe bakwai ina ƙofar gidansa, domin gwiwar ba ta son tuƙi cikin cunkoso. Ya fito da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, laftof a hammata, Hajiya tana bayansa tana cewa kar ya rufe shi a hanya. A mota na miƙa masa takardar da na tsara ta sauya bututun zuwa hanyar gaskiya, ya karanta, ya gyara mini layi ɗaya. Da muka isa ƙofar ofishin Denise na ƙwanƙwasa, na matsa gefe ya fara shiga, sannan na bi shi na ja mana kujeru biyu.