Ƙwayoyin da Kaka Ta Kasa Uku

Mu ba a tsakar gida muke jin tatsuniya ba. A bakin murhun banda muke jin tamu, a ƙauyenmu na masunta kusa da Wara. Da an idar da magariba, Kaka Tumba, mahaifiyar Innata, sai ta kife turmi ta zauna tana juya kifi a kan waya. Hayaƙi na cin idonmu, muna hawaye, amma babu mai tashi. Mama Saratu, Bakambariyar da ke noma a bayan gari, takan biyo in ta taso daga gona ko coci. Dije mai nono ma ta sauke ƙwarya ta ce yanzu za ta wuce, sai ga ta har isha'i. Su ukun tare suka tsufa, kwano ɗaya suke sa hannu.

"Ga ta nan tafe cikin jirgi, wa za shi tarbe ta?" in ji Kaka.

"Mu ne bakin ruwa!"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani masunci da ya kama giwan ruwa a shekarar yunwa. Maimakon ya kawo gida, sai ya tsaya a tsakiyar ruwa, ya hura wuta a kasko, ya gasa ya cinye shi kaɗai. Da ya ɗauki filafili zai koma, jirgi ya ƙi motsi. Ya tuƙa har hannunsa ya sale. Ya ƙwala wa mutanen gari kira, suka fito bakin gaɓa suka ce, "Da kana ci, ka kira mu?" Nan ya daskare, shi da jirgin.

"Kun ga dutsen nan da ke fitowa in ruwa ya janye? Shi na!" Sai ta ɓare kifi mai zafi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. In ta zo kaina ta ce, "Balki ƙawata, abin da duk ya shiga hannunki, ba naki ba ne ke ɗaya."

Ina son matar nan. Har gobe kuma ina jin haushinta.

Ina aji uku a sakandare a Yauri wasu ma'aikatan lafiya masu awo suka zo ƙauyenmu. Suka ɗaura wa Kaka abu a dantse, suka ce hawan jini ne, suka ba ta ƙwayoyin wata guda, suka shiga motarsu. Babu wanda ya zauna ya gaya mata cewa wannan magani ba a barinsa, kuma ba a ba wani. Ita a ganinta maganin ciwon kai ne. Ta sha kwana uku, kai ya sake ta. Mama Saratu ta ce ita ma ƙeyarta na sara. Dije ta ce jiri ke ɗibarta. Kaka ta jawo faifai, ta kasa ƙwayoyin kashi uku kamar tana kasa kifi.

Ina wajen, na zo hutu. Ni na ƙulla wa Dije nata a leda. Ni da na iya karanta abin da ke jikin kwalin, ban ko juya shi ba. Har daɗi na ji wai kakata ba ta da rowa.

Magani ya ƙare, ba ta nemi wani ba tunda kai ya daina ciwo. Bayan 'yan watanni ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Mutane suka ce iskokin ruwa ne suka taɓa ta. Iskoki! Aka yi ta hayaƙi da rubutu. Shekara biyu tana kwance, matar da ke riƙe yara goma da baki ba ta iya cewa a ba ta ruwa. A haka ta rasu.

Bara aka auna Inna, aka ce hawan jini da suga. Ranar na karɓe maganin na kulle a akwatina. Ba a yi sati ba sai ga Mama Saratu tana dafe da kai.

"Balki, ba ta ko biyu," in ji Inna.

"Ba na badawa."

Mama Saratu ta dube ni. "Ɗiyar nan, Tumba ba ta taɓa hana ni komi ba."

"Shi ya sa take cikin ƙasa, Mama."

Inna ta rufe ni da faɗa, wai boko ya cire mini kunya. Na bar ta ta gama. Ranar kasuwa na sa Mama Saratu a jirgi muka je asibitin Wara. Mai awo ta auna, ta sake aunawa, ta ce Mama ba za ta koma gida ranar ba. Yanzu tana da nata maganin, dabam da na Inna. Dije kuwa ta ƙi zuwa, ta ce ita da ke yini tafiya da ƙwarya a ka, ina hawan jini zai same ta, ai ciwon masu zama ne. Ta daina amsa gaisuwata.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Kaka ba ta yi ƙarya ba, da rabon nan muka rayu, Bahaushe da Bakambare da Bafulatani. Amma ba ta bar mana ko ƙofa ɗaya ta cewa a'a ba, kuma ita ta fara biya. A ƙauyenmu gara a ce ka mutu da a ce ka hana.

Watan jiya na kama Inna tana ƙulle ƙwayarta a haɓar zane, za ta kai wa Dije. Ta yi kamar ta haɗiye, ashe ƙarƙashin harshe ta ɓoye. Tun ranar, kullum da safe nake tsayawa a kanta da kofin ruwa. In ta sha, sai in ce wa matar da ta haife ni ta buɗe baki in gani. Tana zagina, tana buɗewa.