Furen da Yaya Kulu Ta Bari

Da sanyin bana Yaya Kulu ta cika shekara tara a ƙasa. Ni ban shiga boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara min magana. 'Yar'uwata ce ciki ɗaya, ta girme ni da shekara huɗu. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidana a Yelwa, muna bandar kifi muna kaiwa kasuwa, har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Bishiyar kariya ta bari, guda biyar a tsakar gida. Yau saura reshe ɗaya a cikin fasasshen tulu.

Ga wanda bai san kariya ba, 'yar gajeriyar bishiya ce mai kaurin gindi. Da rani takan kaɗe ganyenta kaf har ka ce ta mutu, sai wata safiya ka tarar da jan fure a kan reshe tsirara. Ba a cin ta, ba a miya da ita, ruwanta dafi ne. Babanmu dakawa yake yi ya zuba a kududdufi kifi ya taso, can a gungunmu, tsibirin da aka haife mu, kafin ruwan dam ya cinye shi. Ranar da aka kwashe mu, ni tukunya aka ɗora min. Yaya Kulu kuwa reshen kariya ta saro a bayan ɗakin Inna ta ƙunsa a zani. Inna ta yi mata faɗa tun daga cikin jirgi har tudu.

Faɗan nan ni na gaje shi. Wurin da ya kamata a sa yakuwa da zogale, Yaya ta cika shi da abin da ba ya shiga tukunya. Abin da ya fi ƙona min rai, ban taɓa ganin ta ɗauki guga dominsu ba. Mu mutanen bakin ruwa ne, masu noman albasa, safe da yamma muke ban ruwa. A wurinmu wanda ya bar shuka da ƙishirwa rago ne, ba wani suna. Wata rana na ce, "Yaya, in ƙiwa kike ji, ba ni gugan." Ta ce, "Dije, ki bar min su. Ke ko mutum kika so sai kin shaƙe shi." Kwana biyu ban sa hannu a kwano ɗaya da ita ba.

Da ta rasu sai na ɗauki gugan. Na ce abin da ta bari ba zai lalace a hannuna ba. Guga biyu kullum, har da takin awaki. Bishiya ta farko ta yi laushi a gindi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ta faɗi. Na ce bakin mutane ne, na ƙara ruwa. Cikin shekara uku huɗu suka tafi, ina tsaye a kansu da gugana.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ni, ɗiyata ta ɗauke ni zuwa Wara wata huɗu. Na bar wa Rabi, matar ɗana Sani, umarni: guga biyu, kada ta kuskura ta tsallake rana. Na dawo na tarar da ƙasar wurin ta bushe har ta tsage. A gaban maƙwabta na wanke ta tas. Na kira ta raguwa, na ce gidansu ba a koya mata riƙon amana ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna, aiki ne ya yi min yawa." Ba a yi mako ba bishiyar ta yi fure, karon farko tun rasuwar Yaya. Na daɗe tsaye a gabanta. Na gane wanda ya kashe huɗun nan. Na ajiye gugan, amma ban ce wa Rabi komai ba, shekara shida.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce in ta leƙo yau. Kifin da muke bandawa bai fi yatsa ba, irin wanda a da muke mayarwa ruwa. Jirage duk sun koma na inji, ba ka jin muryar kowa a kan ruwa. Furen roba ake sayowa a jera a falo, ana wanke shi da sabulu. Na san dariya za ta yi, ta ce ga irin furen da ya dace da Dije. Maƙwabta kuma kowa ya daɓe tsakar gidansa da siminti ya ɗaga ƙofa, ruwan sama duk gidanmu yake kwana. Da daminar da ta wuce, bishiyar ta yi kwana goma ƙafarta cikin ruwa. Na latsa gindin, yatsana ya nutse.

Sani ya ce a tumɓuke ta, dama ɗaki yake so a wurin, ga yara suna kai komai baki. Ban yi musu ba, na gaji da musu. Na ce ya ba ni mako guda. Na ɗauko wuƙar gyaran kifi. Ashe duk shekarun da nake yi wa Yaya faɗa idona yana kan hannunta. Ana yanka reshe har sai an tarar da farin nama mai tauri. A shafa toka a bakin yankan. A jingine shi a inuwa kwana bakwai, kada ya ga ko ɗigon ruwa. Sannan a dasa a yashin bakin tafki, a tulun da gindinsa ya huje, a wanke hannu da kyau. Uku na yanka. Biyu suka yanƙwane. Ɗaya ya fito da ido kore.

Yanzu ɗaki ne a inda bishiyar take. Ƙafata ba ta kai ni bakin tafki, kuma na san kwanakin da suka rage ba su kai waɗanda suka wuce ba. Gungunmu yana ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka san sunan Yaya Kulu a kasuwa sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage nata a duniya bai fi tsawon tafin hannu ba, kuma ba a hannun mai kula irina zai rayu ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Rabi, na ce ta ɗauki tulun ta kai ƙofar ɗakinta, ta ɗora a bisa inda yara ba sa kaiwa. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Inna, guga nawa zan riƙa ba shi?"

Na ce, "Yadda kika yi lokacin da nake Wara. Ke ce kika iya, ni ce ban iya ba."

Allah ya jiƙan Yaya Kulu, ya sa ta huta da faɗana.