Bahagon Ajin Harshe Biyu

Duk layin masu faci babu wanda bai san Bahago ba. Shi ne dogon nan mai wuya kamar na zalɓe, wanda in ya tsuguna gaban bahon ruwa yana neman inda taya ke yoyo, sai ka ji yana zagin tayar da Turanci. Direbobi su yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi. In kana son ka ɓata masa yini, tambaye shi abin da mai Turanci irin nasa yake yi cikin baƙin mai da ƙusoshi.

Ya shiga sakandare ne a shekarar da aka kawo abin da ake kira ajin harshe biyu. Wata ƙungiya ce daga nesa ta zo da shirin: da safe lissafi da kimiyya da komai a yi su da Turanci, bayan an dawo hutu a koma harshen gida. Aka yi wa ajin fenti, aka sa fanka, aka kawo kujeru masu jingina, alhali sauran azuzuwa na kan bencin nan mai cizon wando. Lissafi ne ya shigar da Bahago, don Turancinsa a lokacin bai fi cikin cokali ba. Babansa, mai faci shi ma, ya yi mako yana ba direbobi labari, har masu sauri suka fara kai tayarsu wani wuri.

Malamin Turancin kuwa, yara sun sa masa Malam Turare, saboda duk ranar da baƙi za su zo sai ƙamshinsa ya riga shi shiga aji. Baƙin nan mutanen ƙungiyar ne. Sukan zo ƙarshen kowane zango, su zauna a baya, su ga yadda shirinsu ke tafiya. Ana jibi za su zo karon farko, Malam ya rufe ƙofa ya rage murya.

"Ku buɗe kunnuwanku. Duk tambayar da na yi, kowa zai ɗaga hannu, kowa da kowa. Wanda na ba amsa ya haddace, ya ɗaga dama. Wanda ban ba ba, ya ɗaga hagu. Ni na san inda zan nuna." Sai idonsa ya faɗa kan Bahago da ke riƙe da biro a hagu. "Kai kam an hutar da kai, da aikinka aka haife ka."

Aji ya kwashe da dariya, har da Gajere, abokin zamansa, wanda shi ma ɗan hagun ne.

Ranar kuwa abin ya yi kyau. Tambaya ɗaya, hannuwa su tashi kamar an shuka su. Malam ya yi ta waige-waige wai ya rasa wanda zai zaɓa, sannan ya nuna Ɗan Likita ko 'Yar Manaja, yaran da suka zo da Turancinsu daga gida. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Bahago na can baya da hannu a sama, yana addu'ar kada yatsan Malam ya yi kuskure. Da aka tashi ya ji kamar an yi hayar hannunsa an maido masa ba ko sannu.

Haushin wannan ne ya koya masa Turanci, ba Malam ba. Bayan rumfar babansa akwai gidan kallon ƙwallo na langa-langa. Kowa ya shiga ƙafar 'yan wasa yake kallo, shi kuwa bakin mai sharhi yake bi. Ya dawo rumfa yana maimaitawa, yana buga wa taya iska. Tsohuwar jaridar da aka naɗe kaya, takardar cikin kwalin maganin Inna, rubutun jikin taya, babu wanda ya tsira. In kalma ta gagare shi sai ya bi ta har ƙamus ɗin ɗakin karatu, ya kamo ta. A gida yakan tsaya gaban fasasshen madubi yana gardama da kansa, har Yayarsa ta leƙo.

"Inna, zo ki gani! Aljanun ɗanki sun tashi, kuma da ji ba na nan kusa ba ne."

"Yaya, ki fita idona."

"To a faɗa min da Turanci mana, ko na ji tsoro."

Kafin shekara ta uku ta raba, Bahago na karanta shafi ba tuntuɓe. Ɗan Likita da kansa yakan juyo ya tambaye shi ma'anar kalma, a hankali, kada a ji. Amma rabon hannu tun makon farko aka yi shi, kuma Malam Turare ba ya taɓa abin da ke masa aiki. Baƙi su zo, baƙi su tafi, Bahago na hagu.

Sai ga babbar magana. Ƙarshen shekarar za a raba ajin biyu. Rabi su wuce babban ajin harshe biyu, inda ake shirya yara zuwa jami'a, rabi su koma benci. Kuma ba wanda zai wuce sai wanda baƙi suka ji bakinsa, makaranta kuma ta yarda da shi. Ziyara ɗaya ta rage. Bahago ba ya neman alfarmar kowa, so yake a nuna shi sau ɗaya tak.

Ya sami Malam a ɗakin malamai yana goge takalmi da tsumman allo. Ya rusuna, ya yi maganarsa da Turanci tun daga sallama har ƙarshe, don Malam ya ji da kunnensa. Malam ya ba shi amsa da harshen gida.

"Kai, wannan gudun fa? Wa ya biyo ka?"

"Malam, tambaya ɗaya nake roƙo. Kowace iri ce. Ba sai an ba ni amsa ba."

"Abin da nake tsoro ke nan. Wanda bai haddace ba, ban san abin da zai fito daga bakinsa ba. Turancin gidan ƙwallo gare ka. In tambaye ka sassan fure, ka ce min an buga ta fita waje?"

Malaman da ke wurin suka yi dariya. Wata malama ta ce, "Haba, yaron fa ya iya."

"Ya iya, ni na ce bai iya ba? Aikina ne ke cikin haɗari, ba nasa ba. Jeka. Ka ɗaga abin da ka saba."

Ranar ziyara ƙamshin Malam har bakin titi. Baƙi uku ne, babbarsu wata mace mai tabarau a kan hanci. Tambayar farko, Bahago ya ɗaga dama. Hannun ma baƙo ne a sama. Idon Malam ya zo kansa, ya tsallake kamar an tsallake kwata. Tambaya ta biyu, haka. Gajere ya zungure shi.

"Ka haukace ne? Sauya hannu!"

Bahago bai sauya ba. Shekara uku yana haɗiye kalmomi, ga shi ana shirin tashi, ga bencin can na jiransa. Da Malam ya jefo ta gaba, sai ya ɗaga hannu biyu, miƙe, kamar wanda 'yan fashi suka tare.

Mai tabarau ta yi dariya. Ta ce da Turanci, "Wancan saurayin na baya, me ya sa biyu?"

Malam ya buɗe baki, amma Bahago ya riga shi miƙewa. Ya ce mata dama ta waɗanda aka ba amsa ce, hagu ta 'yan cika aji, shi kuwa ya san amsar amma ba a ba shi ba, shi ya sa ya rasa wanda zai ɗaga. Daga nan birki ya tsinke. Ya faɗi rufe ƙofa, ya faɗi haddar, ya faɗi waige-waigen ƙarya. Turanci ke zuba da gudun mai sharhi an kusa cin ƙwallo, ko numfashi ba ya tsayawa yi. Masu hannu a sama suka rasa yadda za su sauke shi.

Mai tabarau ta daina dariya. Ta dubi hannun hagu mafi kusa da ita, wanda kuwa na Gajere ne, ta maimaita masa tambayar Malam a hankali. Gajere ya miƙe. Leɓensa na motsi, babu abin da ya fito. Ta sauƙaƙa tambayar. Ya dubi allo, ya dubi ƙasa, hawaye suka zubo masa a gaban 'yan mata. Wannan kam Bahago bai shirya masa ba.

Kana tsammanin an kori Malam? Ina! Baƙi suka shiga ofishin shugaban makaranta, aka kawo musu lemo mai sanyi, aka daɗe, aka fito ana musabaha. Su ma ai ba sa son komawa su ce shirin nasu hoto ne. Motarsu na fita aka aika a kira uban Bahago.

Baba ya zo da rigarsa ta fita, ya wanke hannu har ya gaji, baƙin man bai fita daga farcensa ba. Ya tsaya a ofis yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, yaro ne. A yi masa haƙuri."

Shugaba ya ce ba ya musun yaron ya iya Turanci, baƙuwar ma ta yaba. Gurbinsa na nan a babban aji. Abu ɗaya ne: gobe a taron safe ya durƙusa gaban makaranta, ya ce ƙarya ya yi wa malaminsa don neman suna. Da Turanci kuma, tunda shi ne gwaninta.

Da suka kai rumfa Baba ya juyo ya dube shi.

"Za ka faɗa."

"Baba, ba ƙarya na yi ba."

"Na tambaye ka? Ni kullum sai na ba direban da ya fi ni laifi haƙuri, ka ga na mutu? Gwiwar taka ta gilashi ce?"

Da safe aka jera ɗalibai a rana. Aka kira shi. Ya hau dakalin taro, ya ga Malam Turare ya harɗe hannu yana jira, ya ga 'yan hagu sun sunkuyar da kai. Ya durƙusa, don Baba. Ya buɗe baki, kalmomin na nan a jere, ya san su sarai. Sai ya ji in ya yi wannan ƙaryar da harshen da ya sha wuya ya koya wa kansa, ba zai ƙara iya buɗe baki da shi ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce da harshen gida, yadda har mai gadi zai ji:

"Na durƙusa don an ce in durƙusa. Amma ƙarya kam ban yi ba, kuma kowa a nan ya sani."

A kan benci ya ƙarasa sakandare. Gajere bai sake yi masa magana ba har suka gama. Ɗan Likita ya wuce babban aji, daga can jami'a. Malam Turare kuwa ya koyi darasi: zangon da ya biyo baya kowa dama yake ɗagawa, sai dai wanda aka ba amsa ya buɗe tafinsa, wanda ba a ba ba ya dunƙule.

Ranar da aka karanta sunayen masu wucewa, Bahago ya dawo rumfa da wuri. Baba na zaune yana kankare wata taya, bai ɗago ba.

"An kira ka?"

"A'a."

Baba ya ci gaba da kankara har robar ta yi fari fiye da yadda ake buƙata. Can ya tura masa bahon ruwa da ƙafa.

"To cire rigar makarantar, kada ta yi baƙi. Mai motar nan tun ɗazu yake jira."